Kamun Kifin Fuluk da Kayak a Mashigan Tekun Gabashin Amurka

Fuluk kifi ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, mai kwanciya a ƙasan ruwa. Idanunsa biyu duk suna gefen hagu, wanda shi ne ke kallon sama, gefen da ke ƙasa kuwa fari ne fat. Ana samunsa a gaɓar Atilantika tun daga Kanada har Fulorida, amma ya fi yawa tsakanin Cape Cod a jihar Masacuset da Cape Hatteras a Karolina ta Arewa. Yana yin hunturu can nesa a zurfin teku, sai wajen Afrilu zuwa Mayu ya shigo mashigan da ke bakin gaɓa, irin su Barnegat da Raritan a Niyu Jazi, Great South da Shinnecock a tsibirin Long Island na jihar Niyu Yok, da Narragansett a Rhode Island. Daga Satumba ya fara komawa. Mafi girman wanda aka taɓa kamawa da fatsa ya kai laba 22 da oza 7, wato kilo 10 da 'yan kai, a Montauk da ke Long Island a 1975. Wanda za ka riƙa samu a mashigi bai kai ko kusa ba: mai tsawon inci 18 nauyinsa wajen kilo ɗaya ne.

Halinsa shi ne mabuɗin kamunsa. Kifin kwanton ɓauna ne. Yana binne jikinsa cikin yashi, ya sauya launin bayansa ya saje da ƙasa, ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa, ya jira ƙaramin kifi ko jatan lande ya gifta, sai ya zabura ya cafke da haƙoransa masu tsini. Don haka ba a kafa masa koto a wuri ɗaya a zauna jira. Koto ne zai je ya same shi, yana tafe yana tsalle dab da ƙasa, ta ɓangaren da ruwa ke zuwa, da saurin da ya dace. Aikin mai kayak, wato ɗan siririn kwalekwale na mutum ɗaya, daga fitowa har komawa shi ne sarrafa wannan tafiyar. Sauran abubuwa duk bayanta suke.

Kayak da kayan tsira

Nemi kayak irin wanda ake zama a kansa, ba wanda ake shiga cikinsa ba. Yana da ramuka a ƙasa da ke zubar da ruwan da ya fantsamo, kuma idan ya kife ana iya juya shi a sake hawa. Tsawon ƙafa 12 zuwa 14 da faɗin inci 30 zuwa 36 ya wadatar. Wanda bai kai ƙafa 11 ba iska na juya shi yadda ta ga dama.

Mai feda ya fi mai filafili nesa ba kusa ba a wannan sana'a, domin ƙafafu na gyara tafiya hannu kuma na kan sanda. Na kamfanonin Hobie da Old Town su ne aka fi gani, sai dai kuɗinsu ba wasa ba. Mai filafili ma yana kama kifi, illa dai zai riƙa ajiye sanda yana gyara hancin jirgi. Ko mai feda ne da kai, kada ka bar filafili a gida, kuma ka ɗaure shi da igiya a jikin jirgin.

Dokar Amurka ta wajabta rigar hana nutsewa ga kowane mutum a jirgi, da usur, da farar fitila idan duhu ya yi. Rigar a jikinka za ta kasance, a ɗaure, ba a bayan kujera ba. Ƙara da rediyon ruwa na hannu wanda ba ya jin jiƙa, tashar 16 ce ta neman agaji, da tuta mai launin lemo a kan doguwar sanda, domin mai jirgin inji da ke gudu ba ya ganin kayak tsakanin raƙuman ruwa. A watan Mayu iska na iya yin ɗumi alhali ruwan bai kai digiri 15 a ma'aunin Celsius ba, kuma irin wannan ruwan yana ɗauke numfashi da ƙarfin hannu cikin 'yan mintoci. Sanyin ruwa za ka yi wa shiri, ba na iska ba: rigar roba mai hana ruwa shiga ita ce ta wannan lokaci. Kafin fitar farko, ka je inda ruwa bai wuce ƙirji ba, ka kifar da kayak ɗin da gangan, ka koyi hawa ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba.

Sanda, zare da haɗin ƙugiya

Sanda ɗaya mai kyau ta isa, biyu sun yi yawa ga sabon shiga. Tsawon ƙafa 6 da rabi zuwa 7, marar nauyi, mai laushin baki da ƙarfin gindi. Dalilin wannan tsawon shi ne ka iya zagayo da zare ta gaban hancin jirgi idan kifi ya shiga ƙarƙashinka. Manaɗin zare mai lamba 2500 ko 3000.

Zaren da za ka cika manaɗi da shi saƙaƙƙe ne, mai ɗaukar laba 10 zuwa 15. Siririn zare yana yanka ruwa, don haka ƙaramar dalma ma za ta kai ƙasa ta zauna. Mai kauri kuwa ruwa na tura shi, ya ɗaga koton sama, dole ka ƙara nauyi, ka rasa jin taɓawar kifi. Saƙaƙƙen zare kuma ba ya miƙewa, kana jin bambancin yashi da laka a tafin hannunka. A bakinsa ka ƙulla zaren gaba na fulorokabon, wato zaren roba garai-garai da kifi ba ya saurin gani, mai ɗaukar laba 20 zuwa 25, tsawon mita ɗaya ko ɗan fi, saboda haƙoran kifin da kaifin ɓawon kawa.

A ƙarshen zaren gaba ake ɗaura baktel, wato ƙugiya mai kan dalma da aka ɗaure wa gashin jelar barewa. Ɗaura shi da ƙulli mai barin ɗan zobe don ya samu damar rawa. A mashigi za ka buƙaci nauyi daga kwatan oza zuwa oza ɗaya da rabi, wato giram 7 zuwa 42. Riƙe biyu-biyu na kowane nauyi. Fari da kore mai ɗaukar ido da ruwan hoda su ne launukan da aka saba.

Santimita 30 zuwa 45 sama da baktel, ka yi zarge a jikin zaren gaba wanda zai fito gefe kamar santimita 8 zuwa 10, ka zura ƙugiya mai lamba 3/0 zuwa 5/0. Idan zargen ya fi haka tsawo, zai riƙa nannaɗe zaren. Wannan ƙugiya ta sama sau da yawa ita ke kama kifi fiye da baktel ɗin kansa, domin daga ƙasa fuluk na hango ta kamar ɗan kifin da ake kora.

Koto

Yawancin masu wannan kamu sun koma kan Gulp na kamfanin Berkley, koto na roba mai laushi da ake jiƙawa cikin ruwan ƙamshi. Mai siffar ɗan kifi na inci 3 zuwa 4 shi ne na farkon kakar kamun, mai doguwar jela na inci 5 zuwa 6 kuma na lokacin da ake neman manya. Soke shi ta tsakiyar hanci, ka tura har ya zauna a miƙe sambal. Duba shi a gefen jirgi kafin ka sake: idan yana wulwulawa maimakon iyo, to ya karkace, cire ka sake sokewa. Fuluk ba ya cin koto mai wulwulawa, kuma yana murɗe zare. Da ka gama aiki, cire shi daga ƙugiya, don idan ya bushe yana ƙanƙamewa sai da wuƙa. Robar da yake zuwa a ciki ma ta shahara da yoyo, sauya masa gwangwani mai murfin murɗawa.

Koto na gaske har yanzu yana aiki: yankan naman sukwid (wata dabbar teku mai hannaye da yawa), ƙananan kifayen azurfa da ake sayarwa a daskare, ko 'yan kifin fadama masu rai da ake sokewa ta leɓe. Idan yanka za ka yi, ya zama siriri mai tsini a ƙarshe, tsawon santimita 10 zuwa 15, a soke shi sau ɗaya tak ta faffaɗan kan don ya riƙa kaɗawa.

Lokaci da wuri

Teku na cika ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, kowace cikowa ko janyewa na ɗaukar awa shida da 'yan mintoci. NOAA, hukumar Amurka mai kula da teku da yanayi, na fitar da jadawalin kowace tasha kyauta a intanet. Duba tashar da ta fi kusa da inda za ka, domin can cikin mashigi ruwa na makara da awa ɗaya zuwa uku bayan bakin teku. Lokacin tsayuwar wata da tsakiyarsa ruwa ya fi gudu, ka tanadi dalma mai nauyi. Idan ruwa ya tsaya cak tsakanin cikowa da janyewa, cin kifi ma yakan tsaya.

Wane ruwa ya fi? Ya danganta da wata. A Mayu da farkon Yuni ruwan teku na da sanyi, don haka janyewa ta fi, musamman da rana, lokacin da ruwan da ya sha zafi a kan baƙar lakar fadama ke gangarowa. Bambancin digiri biyu ya isa ya ta da kifi. A Yuli da Agusta lamarin ya juya: cikin mashigi ya yi zafi ya gurɓace, sai ƙarshen cikowa da farkon janyewa su fi, lokacin da ruwa mai sanyi da tsabta ya shigo, kifin kuma ya matso kusa da ƙofar teku, wato inda mashigi ke haɗuwa da teku. Fuluk da ido yake farauta. Idan ba ka iya hango koto a zurfin rabin mita, nemi wani wurin.

Ba ya kwanciya a fili haka kawai. Gaɓa yake so, inda abu ɗaya ke ƙarewa wani ya fara: gangaren hanyar jirage inda zurfi ke faɗawa daga mita ɗaya zuwa huɗu, bakin ƙoramar fadama lokacin janyewa, iyakar ciyawar ruwa da yashi, rami a tsakiyar tudun yashi, bayan ginshiƙin gada. Taswirar ruwa za ta nuna maka yawancinsu tun daga gida, inda layukan zurfi suka matsu da juna nan ne gangare. Kada ka raina ruwa marar zurfi. Yawancin Barnegat bai kai mita biyu ba, kuma a nan kayak ya fi jirgin inji, yana shiga shiru inda wancan ba ya iya zuwa.

Yadda ake bin ruwa

Ka tuƙa zuwa saman wurin da ka zaɓa, ta inda ruwa ke fitowa, kamar mita 50. Tsaya minti ɗaya ba tare da ka saki koto ba, ka ga inda iska da ruwa za su kai ka. Sau da yawa ba inda ka zata ba ne. Gyara mafarinka yadda tafiyar za ta bi gangaren, ko ta ratsa shi a karkace.

Saurin da ake so shi ne kilomita 1 zuwa 3 a awa, mafi daɗi wajen 2. GPS na waya ko na'urar auna zurfi za su nuna maka. Saki baktel har ka ji ya bugi ƙasa, zare ya saki. Rufe manaɗi, ka fara girgiza bakin sanda da wuyan hannu, ɗagawar santimita 10 zuwa 20, a kai a kai, yadda baktel zai riƙa taɓa ƙasa yana tashi. Ba a ɗaga sanda sama da duk hannu. Kowane ɗan lokaci ka tsaya daƙiƙa ɗaya ko biyu, don a wannan tsayawar da kuma lokacin faɗawa aka fi samun cizo.

Idonka na kan kusurwar zare. Wanda ya sauka kusan a tsaye shi ne daidai. Idan ya miƙe baya ya wuce rabin tsakanin tsaye da kwance, koto ya bar ƙasa, kana wanke shi ne kawai. Kada ka yi ta sakin zare don ka sake taɓo ƙasa, hakan ƙara lalata kusurwar yake. Naɗe, ka ƙara nauyi, ko ka rage gudu. Ƙa'idar ita ce mafi ƙarancin nauyin da zai riƙe ƙasa: a ruwan mita biyu rabin oza kan isa, a mita biyar mai gudu sai oza ɗaya ko fiye.

Idan iska da ruwa sun nufi gefe guda, za ka yi gudu da yawa. Maganinsa lemar ruwa, wani buhu mai siffar mazurari mai faɗin baki inci 18 zuwa 24 da ake jefawa ya ja jirgi baya. Ɗaura ta ta hanci ko ta baya, ba ta tsakiya ba, don idan kayak ya ba raƙuman ruwa gefe kifewa ba wuya. Sa mata ƙugiyar saurin kwancewa da abin da zai sa ta yi iyo, yadda za ka iya sakinta nan take. Mai feda yana iya juya hanci ya fuskanci iska ya riƙa takawa a hankali.

Idan iska na adawa da ruwa, nan ne wahala. Jirgi ya tsaya wuri ɗaya, ko iska ta tura shi gaba da ruwa, koto ya riƙa zuwa wa kifi ta bayan jela. Ranar da masu jirgin inji ke komawa hannu rabbana ke nan, kuma ranar da kayak ke nuna amfaninsa: ka taka feda ko ka riƙa ɗan tuƙi ka bi ruwa da saurin da ake so. Haka ma idan ruwa ya tsaya. Wata dabarar ita ce jifa: wurga baktel gaba ta inda ruwa ke fitowa, ka dawo da shi yana tsalle. A ruwan da bai kai mita ɗaya da rabi ba jifa ta fi ko yaushe, domin inuwar jirgi na korar kifi.

Da ka samu cizo, danna alama a GPS. Fuluk na taruwa a ɗan ƙaramin wuri, wani lokaci bai wuce faɗin tsakar gida ba, don haka gajeriyar tafiya ta mita 100 da ake maimaitawa ta fi doguwa ta kilomita guda. Wajen komawa sama, ka zagaya ta gefe, kada ka bi ta kan kifin. Idan ka bi wuri sau uku shiru, sauya zurfi kafin ka sauya launi.

Cizo, ja da ɗauka

Cizonsa iri biyu ne. Wani lokaci bugu ɗaya mai ƙarfi, wani lokaci kuwa sai ka ji sanda ta yi nauyi kawai kamar ka kamo ciyawa. Duk nauyin da ba ka gane ba, ɗauke shi a matsayin kifi. Da baktel, ka ɗan sauke bakin sanda, ka ji nauyin ya tabbata, sannan ka ɗaga da ƙarfi sau ɗaya. Da dogon yankan nama, ba shi daƙiƙa biyu zuwa uku ya haɗiyo har ƙugiya. Idan ka kuskure, kada ka naɗe. Mayar da koto ƙasa nan take ka ci gaba da girgizawa, don yakan biyo ya sake kai hari. Ƙananan taɓe-taɓe masu sauri da ke cinye jelar koto ba shi ba ne, aikin kifin talibambam ne ko ƙaguwa. Zare da aka datse tsaf kuwa aikin bulufish ne, wani kifi mai kaifin haƙora.

Saita birkin manaɗi yadda zare zai fita idan ka ja da hannu da ɗan ƙarfi. Naɗe a hankali ba tsayawa, sanda a lanƙwashe, ba ɗagawa da saukewa. Fuluk na girgiza kai da ƙarfi, kuma da zare ya ɗan saki, nauyin dalmar kansa ke fizge ƙugiya daga bakinsa.

A gefen jirgi aka fi asarar manya. Kada ka ɗago kansa daga ruwa, don da ya ji iska zai haukace. Bar zare kamar tsawon sanda a waje, riƙe shi ƙasa da fuskar ruwa kaɗan, tsoma koma tukuna ta zauna, sannan ka jawo shi ya shiga da kai. Idan ka bi shi da koma ta baya, da ta taɓa jela ya tafi. Komar ta zama mai faɗin baki da ragar roba, wadda ƙugiya ta biyu ba ta sarƙewa a ciki. Duk wannan kana yi kanka na tsakiyar jirgi: inda kai ya leƙa, nan jiki ke bi.

Awo da doka

Kowace jiha na da mafi ƙarancin tsawo, da adadin da mutum zai ɗauka a rana, da ranakun buɗe kaka da rufewa. Ana sake su kusan kowace shekara, bisa rabon da hukumar kifin jihohin Atilantika da majalisar kifin tsakiyar Atilantika ke yi. A 2024, a yawancin jihohi tsawon ya kasance tsakanin inci 16 da 19 da rabi, adadin kuma uku zuwa shida. Duba shafin hukumar jihar kafin ka fita. Niyu Yok da Niyu Jazi rajista kyauta suke nema, Konetikat da Masacuset kuwa lasisi ake saya. A Raritan, inda jihohi biyu suka yi iyaka cikin ruwa, ka san a ruwan wa kake.

Auna a kan allon awo mai tokare a kai, baki a rufe, daga hanci zuwa ƙarshen jela. Wanda ya tsaya daidai kan layi gara a sake shi, don kifi na ɗan tsukewa a ƙanƙara, jami'i kuma a tudu zai auna. Ƙanana za su fi yawa, ka saba da hakan. Jiƙa hannu kafin ka taɓa su, kada yatsa ya shiga ƙarƙashin murfin kunnensu. Wanda ya haɗiye ƙugiya, datse zaren kusa da baki maimakon tono. Masana na lissafa cewa ɗaya cikin goma na waɗanda aka saka yana mutuwa, babbar ƙugiya kuma na rage haɗiya.

Wanda za ka ɗauka, yanka jan naman da ke ƙarƙashin murfin kunnensa jini ya tsiyaye, ka sa shi a jakar ƙanƙara, farin gefen a sama. Kada ka feɗe shi a kan ruwa, jihohi da dama sun hana saboda awo.

Sanin lokacin komawa

Sabon shiga kada ya fita idan hasashe ya nuna iska ta wuce kilomita 20 a awa. A lokacin zafi iskar kudu maso yamma kan taso bayan azahar ta hargitsa mashigin da ya kwanta lumui da safe, don haka sammako ake yi, kuma a fara tafiya gaba da iska domin ta koro ka gida. Ƙofofin teku irin na Barnegat da Shinnecock ba wurin koyo ba ne: idan ruwa na janyewa ya haɗu da raƙuman teku, yana tashi tsaye, kuma gudunsa ya fi ƙarfin filafili. Tsaya nesa da su tun kafin ka ji jan. Hanyar manyan jirage ka kama gefenta kawai, idan za ka tsallaka ka yi a miƙe da sauri. A Raritan da Sandy Hook da ke bakinsa akwai jiragen fito masu gudu zuwa Manhattan a birnin Niyu Yok, idan raƙuminsu ya nufo ka, juya masa hanci. Da ka ji tsawa, kwantar da sanduna ka nufi gaɓa mafi kusa, ko da ba inda ka ajiye mota ba ne.

A gida, ana fitar da tsoka huɗu daga kowane kifi. Tsaga ta tsakiyar baya daga kai zuwa jela, ka kwantar da siririyar wuƙa a kan ƙashi kana ja zuwa gefe, biyu a sama, ka juya, biyu a ƙasa. Na gefen duhu sun fi kauri. Sannan ka wanke sanda da manaɗi da fedar jirgi da ruwan famfo marar ƙarfi, don ruwa mai ƙarfi na tura gishiri cikin manaɗi, ka sassauta birkinsa kafin ka ajiye.